Kawu Na'Allah da Numfashin Fijo

Duk wanda ya zauna da Kawu Na'Allah a tashar Ƙaura ya san ba a zagin motarsa a gabanta. Tsohuwar Fijo ce doguwa, ta girme ni. Idan kana da ƙorafi a kanta, sai ya kama hannunka ya ja ka bayan rumfar mai shayi, ya rage murya, sannan ya ce to faɗi. Wai ƙarfe yana ji, kuma yana da riƙo. Wan mahaifiyata ne, yana jigila tsakanin Ƙaura da Shinkafi tun zamanin da ake bin hanyar ba fargaba, kuma shi ne bakaniken kansa, don a ganinsa kai mota gareji tamkar kai iyalinka gidan wani ne a ciyar maka.

Maƙo kuwa, Allah Ya jiƙansa, ko rezar da ya gama aski da ita ba ya yarwa. Cikin akwatin sifana take komawa.

Shekarar da motar ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai, ya sauke injin a ƙofar gida, ya baje shi kan tabarma, ya sa sabon ringi, ya wasa bawul. Abokin tsokanarsa Bitrus, bakanike mutumin Filato da ke bayan tasha, ya zo masa da 'yan siraran ƙarafan nan da ake auna tazarar bawul, wato geji. Kawu ya ɗaga tsohuwar rezarsa.

"Bitrus, wagga reza ta san gemuna, ta san bawul ɗina. Gejinka mi yas sani?"

Aka haɗa inji, bugu ɗaya ta tashi, unguwa ta sha labari. Sai dai da safe ne kawai take da lafiya. Da ta yi zafi sai ta koma kamar tsohon jaki, ka taka totur tana gurnani ba ta gaba. Kawu ya ɗora laifi a kan man 'yan bumburutu. Ya wanke kafireta, ya canza fulogi, har kazar da ke kwana ƙarƙashin motar sai da ya zarga. Bitrus ya saurari ƙarar ya ce injin ba shi da kwamfureshan, wato ba ya matse iska yadda ya kamata. Kuskurensa a gaban motar ya faɗa. Kawu ya daina amsa masa gaisuwa, ya ce wanda ya haɗa inji da hannunsa shi ya san numfashinsa.

Cikin wannan hali aka yi mana rasuwa a Shinkafi. Ni da Inna, mahaifiyata, muka ce za mu hau motar haya, Kawu ya ce ashe ya mutu bai sani ba. Haka muka shiga Fijo. Zuwa lafiya lau, da sanyin safiya. Dawowa ce muka makara, kuma kun san hanyar nan, da la'asar ta yi ta zama ta mutanen daji. Motocin da muka fito tare duk suka wuce mu. Kafin Moriki, a wani ɗan hawa da ko keke ba ya jinsa, Fijo ta yi tari ta tsaya.

Dawa ta yi tsayi hagu da dama, ba gari, ba kowa. Inna ta fara salati ƙasa-ƙasa. Kawu ya buɗe bonet, ya kwance fulogan da tsumma saboda zafi, ya toshe rami ɗaya da babban yatsansa, ya ce in murza makulli. Injin ƙwarai yakan hankaɗe yatsa waje. Wannan kuwa hura shi kawai yake yi kamar mai fifita koko. Ya zuba cokalin baƙin mai a ramin muka sake, don in ringi ne ke zubar da iska, mai zai toshe na ɗan lokaci ƙarfi ya dawo. Ba abin da ya canza. Ringinsa lafiya yake ke nan. Na ga ya tsaya yana kallon akwatin sifana, sannan ya ce, ba da ni yake ba, "Bawul na." Tazarar da ya auna da reza ta yi kaɗan, ƙarfe na yin zafi ya kumbura, bawul ya kasa rufewa.

Yana cikin kwance murfin bawul muka ji babura daga cikin daji, suna matsowa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ga Inna ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ce mini ya yi, "Kai ta cikin dawa. Ko mi kuka ji, kada ku fito."

Muka kwanta rub da ciki tsakanin kunyoyi. Hannun Inna na riƙe da wuyan rigata. Ta tsakanin karare na hango su, goyon uku-uku, bindigogi a kafaɗa, fuska a naɗe. Yawancinsu suka tsallaka titi suka wuce. Babur ɗaya ya tsaya. Wanda ke baya ya sauko ya tambayi Kawu ina fasinjojinsa. Kawu, cikin yagaggiyar rigar aikinsa, baƙin mai har gwiwar hannu, ya ce sun bi wata mota tun ɗazu, ya ƙara da cewa:

"Wa ka zama cikin wagga matsiyaciyar mota? Gwangwani ta, ko 'yan jari-bola sun ƙi ta."

Mutumin ya leƙa ciki, ya ga gyalen Inna a kujera. Ya ɗaga shi da bakin bindiga. Ni a nan na sallama, na fara kalmar shahada. Kawu ya ce tsumman goge hannunsa ne, ya karɓa ya murje hannuwansa da shi tas. Sai direban babur ɗin ya ce nasu ma yana cijewa, tsoho ya duba. Kawu ya durƙusa, bindiga na saitin ƙeyarsa, ya cire fulogi ya kankare ya mayar. Suka karɓe wayarsa, suka bi 'yan uwansu.

Ya daɗe bai kira mu ba. Da muka fito, ya haɗa reza biyu yana sassauta bawul ɗaya bayan ɗaya. Na murza makulli, ta tashi da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Kafin ya shiga sai da ya dafa bonet ya ce, "Ki yi haƙuri, ba har zuci ba na."

Muka kai rumfunan Moriki. Nan Inna ta ce zai biya ta gyalenta. Kawu ya buɗe ƙofa zai sauka ya yi alwala, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce kuloci ne ya yi tauri.

Washegari ya je wurin Bitrus ya yi sallama kamar ba a taɓa ɓatawa ba. Ya ce a ba shi aron gejin nan, yana so ya gwada ko daidai yake. Bitrus ya miƙa masa. Har Kawu ya kwanta ciwon ajali bai gama gwadawa ba, kuma Bitrus ɗin ne ya tuƙa Fijo ya kai shi asibiti.

Inna har yau ba ta iya ba da labarin nan sai ta tsaya a tsakiya. Allah, bawanKa ya tsaya shi kaɗai a bakin titi don mu kwana gida. Ka tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba hanyoyinmu lafiya. Amin.