Gonar da Muka Kwashe wa Duwatsu

Na daɗe ina riƙe da rajistar filaye a ma'aikatar magajin gari ta wata ƙaramar hukuma a ƙasar Keita, kuma cikin duk abin da hannuna ya rubuta, akwai kalma ɗaya da ba zan manta da ita ba har ƙasa ta rufe idona.

A shekarar, majalisarmu ta yanke cewa filayen bakin gari za su biya lampo, wato haraji: gona kuɗi kaɗan, kariyer kuwa, wato inda ake haƙar dutse don sayarwa, kuɗin da talaka ba ya iya ɗauka. Aka turo mana wani jami'i daga birni domin ya tantance. Da tsakar rani ya iso, lokacin da ko akuya ba ta samun abin tsinka.

Muka je filin wani dattijo, tsohon mai gadin asibitin mishan, wanda ya zuba kuɗin sallamarsa a kan fakon da kowa ya raina. Shekara bakwai yana jera duwatsu layi-layi, abin da muke kira gandari, don su tare ruwa da ƙasa, yana kuma haƙa tassa, ƙananan ramukan shuka, yana zuba taki. Da wannan fili yake ciyar da gidansa.

Jami'in ya dubi duwatsun, ya leƙa ramukan, ya ce mini, "Sakatare, rubuta kariyer."

Dattijon ya ce masa, da laƙabin girmamawa na Faransanci, "Mushe, kariyer mi? Hatsi nika nomawa nan!"

"Takarda ta ce inda aka ga rami da tarin dutse, kariyer ne. Ina hatsin?"

"Ɗana, ku can birni da rani kuke shibka?"

Dattijon ya shiga gida ya fito da takardar yabo da wani porje, wato shirin raya karkara, ya ba shi saboda gandarin. Jami'in ya karanta, ya yi murmushi. "Madalla, Baba. Ga shaida har da hatimi cewa kai ka tara su."

Ni kuwa a cikin gandari aka haife ni, na san amfanin kowane dutse a wurin. Amma na riga na koya wa kaina cewa aikina rubutu ne, ba gardama ba. Na rubuta.

Wai don tausayi, jami'in ya ba da mafita: a kwashe duwatsun, a cike ramukan, zai dawo ya sake dubawa. Kwana ashirin dattijon da matarsa da jakinsu suna rushe aikin shekara bakwai. Da suka jibge duwatsun a iyaka, maƙwabci ya sheƙo yana ihu kada a mayar da nasa filin kariyer. Suka kai su bakin hanya. Wani direban tifa ya taya, dattijon ya ƙi. "In na sai da, ai na gaskata su."

Jami'in bai dawo ba sai da hadari ya fara haɗuwa. Ya tsaya a kan fili fetal, mai santsi kamar faranti, ya ce, "Yauwa! Yanzu ga gona." Na soke kalmar farko, na rubuta gona, na buga hatimi.

Kwana uku bayan haka aka yi ruwan shuka. Ruwan bai sami abin da zai tare shi ba, ya kwashe ƙasar da takin duka ya zuba a kwari, ya bar dutse tsirara.

Dattijon ya shigo biro, wato ofishina, ya shimfiɗa takardar da na buga wa hatimi a kan teburina da ladabi. "Malam sakatare, ga gonata. Bisa wane gehe za ni shibka, gaba ko baya?"

Ban iya ɗaga kai ba. Jami'in baƙo ne, jahilcinsa yana da uzuri. Ni da na sani na yi shiru ba ni da ko ɗaya. Tun daga ranar, duk girman wanda ya ce in rubuta, sai bakina ya faɗi abin da idona ya gani kafin alƙalamina ya taɓa takarda.