Inuwar Gawon Iya

Abokan aikina a tashar adaidaita sahu sun daɗe da yanke hukuncin cewa akwai abin da ke damuna. Kowa idan ya zaro waya fuskarsa yake ɗauka, ko ta 'ya'yansa, ni kuwa ƙasa nake haskawa. Inuwar mai tura kurar ruwa, inuwar buhunan da aka jibge a bakin kasuwar Dawanau, 'yar siririyar inuwar turken lantarki da akuya ke matse jikinta a ciki da tsakar rana, duk suna cikin wayata. Idan sun tsokane ni, sai in ce ita inuwa ba ta taɓa cewa a goge, ba ta yi kyau ba. Su yi dariya, ni ma in yi. Gaskiyar magana kuwa, Iya ce ta sa mini wannan idon.

Iya kakata ce, mahaifiyar babana. Ita ta riƙe ni tun ina ɗan shekara huɗu, bayan mahaifiyata ta rasu, babana kuma ya tafi ci-rani ya zarce. Ƙauyenmu yana arewa da Kano, inda gona ke manne da gona, ba ka ganin daji ko na magani. Mu biyu ne rak a sashenta. Da an idar da sallar magariba sai ta zauna gaban murhu tana tuƙa tuwo, ni ina gefe ina tura kara a wuta. Ina jiyo ihun yaran unguwa a dandali, amma ba na zuwa, don kullum da kuka nake dawowa. Wutar takan jefa inuwar Iya a jikin katanga, ƙatuwa, muciyar hannunta ta koma kamar taɓarya. Sau da yawa katangar nake kallo, ba ita ba.

"Maigida," haka take tsokanata, "ga wata tatsuniya nan ta iso bakin ƙofa. A buɗe mata?"

"A buɗe mata, Iya!" Ni kaɗai ne mai amsawa, don haka nakan ɗaga murya in yi ta mutum uku.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta gawo. Wai a da can da damina gawo yake yin ganye, kamar kowace bishiya, har ya fi su duhu. Sai wata tsohuwa marar kowa ta yi 'yar gonarta a gindinsa, don nan kaɗai aka bar mata. Shekara uku tana shuka, geron yana fitowa rawaya, ba ya ko zangarniya, saboda rana ba ta isa gare shi. Ran nan ta zauna ta sha kukanta. Gawo ya ji, ya ce, "Tsohuwa, share hawayenki. Bana zan tuɓe rigata, geronki ya sha rana." Ya kakkaɓe ganyensa tas. Tsuntsaye suka watse, masu wucewa suka ce ya mutu, ruwa ya yi ta dukansa tsirara. Gero kuwa ya yi kyau, tsohuwa ta cika rumbu. Da rani ya shigo, sauran bishiyoyi suka zubar da ganye, sai gawo ya mayar da rigarsa, ya shimfiɗa inuwa yana jiran ta zo ta huta. Ba ta zo ba. Ashe ta sayar da geron ta yi guzuri, ta tafi garin danginta.

"Shi ya sa har gobe yake tuɓewa da damina," in ji Iya, "ko Allah zai sa ta dawo ta yi shuka."

"Muguwa ce!" na ce, raina a ɓace.

"Kai dai ba ka da haƙuri, maigida. Ai don ta samu na tafiya ya yi. Miƙo mini akushi."

Mu ma muna da gawo guda a tsakiyar gonarmu. Da rani Iya takan shimfiɗa tabarma a gindinsa, ta tsinci 'ya'yansa ta tara wa awakinta, ni ina kwance ina ƙirga ɗigon hasken da ke yawo a kan zanenta.

Ina da shekara goma sha uku ta ɗaure mini kaya, ta ce in bi wani ɗan'uwanmu birni in yi makaranta. Na yi kuka, na riƙe zanenta. Ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ko kallona ba ta yi ba. Wannan abu na riƙe shi a zuciya. Da sallah kaɗai nake leƙo ta, daga baya ma na fara tsallakewa. Ta rasu ina birni, ba ta kuma bar hoto ko ɗaya ba, don ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba.

Bara Baffa Idi, ƙanin babana da ke noma gonar, ya kira ni ya ce an sayar da ita ga masu yanka filaye, da an yanke gero za a sare gawon. Washegari na ajiye aiki na kama hanya. Hoto ɗaya nake so a duniya: inuwar nan da Iya ke zama a ciki.

Na isa da hantsi, an yi ruwa rana ta buɗe. Na kutsa cikin gero har gindin bishiyar, waya a hannu, ina zagayawa ina duban ƙasa.

"Me ka yar, Habu?" in ji Baffa.

"Inuwar nake nema, Baffa. Ɗauka zan yi."

Ya dafa fartanya ya yi dariya har da tari. "Inuwar gawo da damina? Lalle birni ya cinye ka. Ɗaga kanka mana."

Na ɗaga. Rassa ne zalla, farare, babu ganye ko ɗaya. Kunya ta rufe ni, ni da na fi kowa jin labarin.

"A ɗan jinkirta mana, Baffa, ko wata biyu ne, ya sake ganye."

Dariyar ta tsaya. "Ba tamu ba ce yanzu, ɗana."

Haka na ɗauki abin da na samu, wasu siraran layuka a kan ganyen gero. Sai da na koma ɗakina na buɗe hoton ni kaɗai, na lura geron da ke gindin gawon ya ɗara na sauran gonar tsawo, zangarniyarsa ta fi kauri. Na daɗe a zaune. Ranar na fara tambayar kaina abin da ban taɓa tambaya ba: bayan tafiyata, wa yake tura mata kara a wuta? Wa take cewa a buɗe ƙofa? Shekara da shekaru ina ganin korata ta yi, ban taɓa tunanin abin da ta tuɓe ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ta riga ta ba ni uzuri a cikin tatsuniyar nan tun kafin in yi laifin, tana tuƙa tuwo, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ni kuwa da na fi so ta ce da ni mugu, ko na samu dalilin zuwa in ba ta haƙuri.