Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka tun da na buɗi ido ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta ko gode masa. Alkunya ce, kowa ya sani, ba wanda ya ɗauke ta ƙiyayya. Ni "ke" ce, ko "wagga". In baƙi suka tambayi lafiyata sai ta ce, "Tana nan," ta kawar da kai. A haka na girma, na yi aure a nan Illela, na yi ta koyarwa a firamare har furfura ta fara leƙo mini, abin bai taɓa tsaya mini a rai ba sai da autanmu ya zama abin da ya zama.

Ni na goya shi. Ni na koya masa baƙaƙe da tsinke a ƙasa, yana kuka yana majina. Ya tafi Sakkwato karatun likita, daga can ya wuce ƙasar Turawa, ya zauna yana bincike a kan magungunan asma, ciwon da ya addabi Inna tun muna yara. Aikinsu shi ne a gwada sabon magani a kan masu ciwon da suka amince, a duba ko ya fi na da, sai a rubuta abin da aka gani a buga a mujallun likitoci. Wata rana a waya ya yi wa Inna bayanin yadda ake auna darajar mai irin aikinsa. Ya ce ba yawan rubutu kaɗai ba ne, a'a, sau nawa wasu masana suka kafa hujja da kai, suka ambaci sunanka a nasu rubutun.

Inna ta gyara zama. "Kamar dai malammai, da sukan ce wane yac ce?"

"Awo, Inna, haka nan ne."

Da bai faɗa mata ba, da na huta. Akwai wani shafi a intanet mai ɗauke da hotonsa da jerin rubuce-rubucensa, a gefe kuma wasu sanduna, ta kowace shekara ta fi ta bara tsawo, kamar ana ɗora buhunan albasa. Inna ba ta karatun boko, ni ce mai waya, ni ce kuma nake zuwa gidan kullum in an tashi makaranta. Da na yi sallama, tun ban ajiye mayafi ba, sai in ji, "Ke, duba muna, an ƙara ambaton shi?" In buɗe, in karanta. In akwai baƙi, matan Amarawa da suka zo cin kasuwa ko danginmu na Tozai, sai a sake sa ni. Sunansa kuwa a bakinta kamar goro, ta juya shi nan ta juya shi can. Ni kuma ina tsugune ina riƙe da wayar, ina karanta sunayen magungunan da harshena ke tuntuɓe a kansu.

Na ji kishi, ba zan ɓoye ba. Kishi mai ɗaci, irin wanda ke hana mutum jin daɗin tuwo. Har na kai ina buɗe shafin ni kaɗai a ofishin malamai, ina fatan in ga sandar bana ta gaza ta bara. Ba ta taɓa gazawa ba, ja'irar.

A wani zuwa da ya yi ya kawo wa Inna abin shaƙa, wanda ake fesawa a baki in ƙirji ya toshe. Ya nuna mata yadda ake yi, ya koma. Inna ta naɗe shi a sabon ƙyalle ta sa a ƙasan kwalla, wajen turarenta da zoben da ta gada. Tsarabar Auta ce, ai ba a ƙarar da ita. In baƙi suka zo a fito da shi, su juya, su ce ma sha Allah, a mayar.

Da kaka ta yi, maƙwabta suka fara sussukar gero, ƙaiƙayi ya cika unguwa, ciwon ya taso mata. Na same ta da rana tsaka ta dafa turmi, ƙirjinta na kuka kamar an taka mage. Na ruga na ɗauko abin, ta riƙe mini hannu, da ƙyar ta ce a bar shi. Sai asibiti muka kai ta. Da ta farfaɗo na ƙetara iyaka zuwa Kwanni na sayo irinsa sak, har launin murfin ɗaya. Ta dube shi a wulaƙance.

"Wanga na kanti ne. Na Auta shi da kai nai yag gwada shi."

Na ce, "Inna, wallahi iri ɗaya ne."

"Ke kin hi shi sani?"

Na fita bayan ɗaki na yi kukana na share. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ɓacin rai ba ya buɗe ƙirjin tsohuwa. Bayan 'yan kwanaki na dawo da abin nan dai da na sayo, na cire shi daga ledar kanti na sa a wata ambulan mai kyau, na ce Auta ne ya aiko da wani direba. Na ƙara da cewa ya ce a riƙa amfani da shi, in ya ƙare wani na tafe. Ta karɓa da hannu biyu. A gabana ta fesa, ta ja numfashi har ƙasa, ta shiga sa masa albarka.

Haka muka zauna shekaru. Kowace safiya kafin in wuce makaranta sai in biya, in ɗauki abin daga ƙarƙashin matashinta, in girgiza shi a kunnena in ji ko ya kusa ƙarewa. In ya yi sauƙi in hau mashin in ƙetara, ko rana ko ruwa, in jure tambayoyin bakin iyaka, in dawo in ce Auta ya aiko. Ita kuma ta ɗaga hannu ta yi ta jero masa addu'a da sunansa, ni ce mai cewa amin. Masanan duniya na ambatonsa a kan aikinsa, uwata na ambatonsa a kan nawa. Wani lokaci amin ɗin sai na tura ta da ƙarfi take fita.

Shi bai sani ba. Na ƙi gaya masa, don na san halinsa, zai ce gaskiya ta fi, ya ɓata mini shiri. Kuma, in faɗi tsakani da Allah, ina jin wani daɗi a raina cewa akwai abu ɗaya game da asma a gidan nan da na sani shi bai sani ba.

Bara da Sallah babba ya zo. Gida ya cika, ana ta soya nama, na hana a hura wuta kusa da ɗakin Inna saboda hayaƙi. A gaban jama'a ta jawo hannunsa ta ce ga wanda bai taɓa barin maganinta ya yanke ba. Ya yi sororo, ya juyo ya dube ni. Na zare masa ido irin wanda nake zare masa yana yaro, ya haɗiye maganarsa. Da la'asar, mutane sun ragu, ina bayan ɗaki ina wanke tukunya, na ji shi ta taga ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ni hwa ban aiko da komi ba. Yaya ta."

Hannuna ya tsaya a cikin ruwa. Na ce shi ke nan, ya kashe ni, gobe za ta mayar da abin kwalla.

Inna ta yi 'yar dariya, ta yi tari. "Kai da kaka mance takalminka masallaci? Kai ka sanin ranar da abin ga ka ƙarewa? Ina kwance nika ganin ta kullum tana girgiza shi ga kunne."

"To mi as sa ba ki ce komi ba?"

"In nic ce na sani, sai in gode mata. Ni ko bakina bai iyawa. Ka bar ta da ƙaryarta, ka bar ni da tawa."

Sai na ji ta ƙara, ƙasa-ƙasa, "In na ɗaga hannu, Allah Ya san wadda nika nuhi."

Ban shiga ba. Na ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta fita, hawaye na zuba a cikin ruwan wankin. Ko a nan, daga ita sai autanta, ba ta faɗi sunan ba. "Ta" ta ce, "wadda" ta ce.

Ya koma bayan Sallah. Kishina bai tafi ba, kada in yi wa kowa ƙarya, har yau in na ga sandunan nan sai in kife wayar. Da abin shaƙar ya yi sauƙi na hau mashin na ƙetara, na dawo na sa shi a ambulan, na yi sallama.

"Inna, Auta ya aiko."

Ta karɓa da hannu biyu, ba ta dube ni ba. Ta ɗaga hannu ta fara addu'a da sunansa, ta daɗe fiye da kullum. Na tsuguna a bakin ƙofa na ce amin, ban tura ta ba, da kanta ta fita.