Shekarar da Baba Ya Fara Ɗaga Ƙarfe

Jiya maƙwabcina yana kwaɓa siminti, warin ya shigo mini ta taga, sai na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai. Baba ne ya faɗo mini a rai, da gwangwanayensa.

A Dar Salam muke lokacin, can ƙarshen Omdurman, a gidan ƙasa mai rumfa a tsakar gida. Baba tela ne, siriri; abu mafi nauyi da yake ɗauka a yini shi ne almakashi. Mahaifiyarsa, da muke kira Habboba, ta zame a bakin randa, ƙugu ya karye, ƙafa ta daina ɗaukarta. Duk fita sai an kira maƙwabta sun cicciɓe ta da gadonta na igiya. Rannan ta ce ba za a ƙara yawo da ita a kan gado ba tun ba ta mutu ba. Ga bikin yayata a can unguwar Alsahafa bayan damina. Ta ce in ɗanta ba zai ɗauke ta da hannunsa ya sa a mota ba, a yi bikin babu ita.

Kawu, da ke kanikanci a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ya kawo bututun ƙarfe, suka cika gwangwanayen madara biyu da siminti suka soke ɗaya a kowane ƙarshen bututun. Baba ya tuɓe jallabiya, ya tara mu mu yi kallo. Ya ɗaga sau ɗaya, ya ɗaga sau biyu, a na uku wani abu ya ce ƙas a bayansa. Kwana da kwanaki a zaune yake sallah kusa da Habboba, tana tambayarsa yanzu wa zai ɗauki wa.

Da ya warke, ita ta karɓi horon daga kwance, da mafici a hannu. Ta yi ƙuruciyarta tana ɗaukar buhun auduga a gonakin Jazira. Ta sa aka ture simintin gefe. Da farko tsugunno da tashi kawai, hannu wofi. Sai jarkar ruwa rabi, a rungume a ƙirji, gwiwa ta lanƙwasa, baya a miƙe. In ya sunkuya, mafici ya sauka a ƙeyarsa. Yau aiki, gobe hutu. Inna, mahaifiyarmu, ta riƙa ƙara masa wake da ƙwai, mu kuwa muna bin kwanonsa da ido.

Da jarka ta cika, aka dawo kanmu. Aka fara da auta, sai ƙanena, sai ni. Ni ce lukutar gidan, Habboba ta auna ni da ido ta ce nauyinmu ɗaya. Aikina in kwanta a gado, in saki jiki, in riƙa mita kamar yadda take yi. Mitar nan na ƙware a kanta har Inna ta ja mini kunne. Sau ɗaya na suɓuce masa, na sauka daɓas cikin ƙullun kisra, wainar da muke ci da miya. Ranar nan da biredi muka ci abinci.

Ranar biki rabin layinmu ya fito. Baba ya tsugunna, ya zura hannu, ya miƙe da ita cikin farin mayafinta ba ko nishi. Sun kai ƙofa ta dube shi ta ce, "Ni da hannu ɗaya nake ɗaukarka, ɗayan yana tsinkar auduga."

Kafaɗarsa ta fara rawa da dariya, ya ce wa uwarsa, "Inna, don Allah ki yi shiru har mu isa mota."

Yanzu akwai wuraren motsa jiki masu fanka da madubi, har na mata, kuma ni ma na fara zuwa, don Baba ya tsufa, ni nake tayar da shi daga gado. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Amma kullum sai ya tambaye ni ko ya yi mini nauyi, in na ce a'a ya ɓata rai. Shi ya sa nake yin nishi.