Hannun Inna a bango

Shekara tara ke nan da Allah Ya karɓi ran yayana Issufu. Shi ke kula da majigin wani ƙaramin ɗakin nuna tsofaffin hotuna a nan Maraɗi, inda ƴan lakwal, wato yaran makarantar boko, ke zuwa kallon rayuwar kakanninsu. Hotunan ƙanana ne, fim a cikin ɗan kwali, ana jera su a faranti, majigi yana haska su a bango ɗaya bayan ɗaya.

A cikinsu akwai Innarmu. Wani mai ɗaukar hoto ya same ta a Jiratawa tun ba a haife ni ba, ta durƙusa tana miƙa wa surukinta ƙwaryar fura. Duk duniya ba mu da wani hotonta sai wannan.

Yaya mutum ne mai tsanani a kan aikinsa, har haushi yake ba ni. Ba a taɓa masa fim da yatsa. Yakan fidda su ya kakkaɓe da gashin kaza, ya goge gilashin majigi, kuma kafin ya mayar sai ya ɗaga kowane ya duba a haske. Ya ce fim yana da gaba da baya, in aka juya shi hoto zai fito lafiya lau, amma dama ta koma hagu. Ni a lokacin gani nake iyayi ne kawai.

Bara na ɗauko ƴata daga Tsibiri, inda take aure, don ta ga kakarta. Hoton ya fito, sai ga Inna tana ba babban mutum fura da hannun hagu. Ƴan lakwal da ke wurin suka kwashe da dariya, malaminsu ya ce ashe mutanen da ma akwai marasa tarbiyya. Matar da ta sha ƙwala mini ludayi a yatsu in na miƙa hagu! Wallahi raina ya ɓaci, na kasa ko duban ƴar tawa.

Na sami wanda ya gaji aikin Yaya. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Ya ce tun da aka sake ɗaki hotunan suka zube, aka mayar da su yadda aka ga dama. Ampul ɗaya ta rage, wato ƙwan fitilar majigin, ko a Katsina ba a samunta, shi ya sa aka hana shi taɓa majigin sai da izinin buro, wato ofishin manyansa. Na je buro. Yau shugaba ya tafi Yamai, gobe ana taro, jibi a dawo. Aikin fa bai wuce a zare kwali a juya shi ba. Da Yaya na raye ba zai nemi izinin kowa ba, juyawa zai yi, in sun ga dama su kore shi.

Watan jiya aka aiko mini wai an share mini hawaye. Na sa riga na hau kabu-kabu. Majigi ya nuna kasuwa, ya nuna masu ginin tukwane, da ya zo wurin Inna sai bango ya yi fari fat.

"Mun cire shi, Alhaji, tunda yana jawo magana," in ji shugaban.

Na tambayi inda aka ajiye shi, kowa ya dubi ɗan'uwansa. Har yau ana nema.

To me ya rage na Yaya? Majigin yana nan, tsohon gyaransa ne ke riƙe da shi, ranar da ampul ta mutu kuma shi ke nan. Sunansa babu a ko'ina cikin ɗakin. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Duk shekarun da ka yi a wurin nan da dama Inna take miƙa fura, ban san kai ke riƙe mata hannun ba.