Kalmar da Ta Cinye Mini Firiza

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta ranar da na koyi kalmar Turancin nan ba, defray. Ban shiga aji ba, amma na biya kuɗin makaranta.

A lokacin muna zaune a Unguwar Boro, ina sayar da zoɓo da kunun aya, ina kuma zubin adashe don in sayi firiza in huta da sayen ƙanƙara. Maigidana kuwa jarrabawar ƙarin girma ce a gabansa, kullum yana rungume da ƙamus. Wani abokin aikinsa ya ce masa duk kalmar da bai furta a gaban jama'a ba, ba za ta zauna a kansa ba. Wata safiya ya gaya mini ya samo sabuwa, ma'anarta ɗaukar nauyin kuɗin wata hidima. Na ce Allah ya ba da sa'a, na ci gaba da tace zoɓona.

Ranar Lahadi bayan an tashi coci, muka je Gonin Gora taron kwamitin bikin 'yar ƙanensa, marainiya. A danginsu, duk wanda ya miƙe tsaye ya ɗauki wata hidima, mata suka rangaɗa guɗa, to maganar ta zauna, babu janyewa. Aka zo kan motar da za ta kwaso dangi daga ƙauye, kowa ya sunkuyar da kai. Ni dai na ga bakin maigidana yana motsi, amma kafin in kai hannu ya riga ya miƙe.

Ya gyara murya ya ce, "I will defray it."

Wata gwaggonsu ta tambayi me ya ce. Shi da kansa ya fassara mata, dalla-dalla, yana murmushi. Guɗar da tsohuwar nan ta yi, har yau ina jin ta a kunnena.

A hanyar gida na ce, "Baban yara, da wane kuɗin?"

Sai ya ce, "Amma dai kin ji yadda ta zauna daidai a jimlar?"

Na kwashi adashe a satin, direban motar bikin ya karɓe shi kaf. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi kwanaki ina ajiye masa abinci ba magana. Sai ranar biki, da amarya ta ga kakarta ta sauko daga motar, ta zo ta durƙusa a gabana tana kuka. A nan na huce, ko da yake ban gaya masa ba.

Abin da na koya shi ne, a gaban dangi ba a gwajin magana, duk abin da ka faɗa a tsaye sai ka biya. Jarrabawa ya ci, firiza kuwa sai da shekara ta zagayo. Har gobe in za mu taro sai na tambaye shi kalmar da ya koya a satin, kuma kusa da shi nake zama, hannuna riƙe da bakin rigarsa.