Teburin da Ya Fito da Mama Tsakar Gida

Shekara talatin da ɗaya Babanmu ya yi yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani babban sito. Abokan aikinsa Tan Ɗaya suke ce masa, saboda ko kujera aka ba shi sai ya girgiza ta ya tambaya ko za ta ɗauki nauyin tan ɗaya. Ba shi da yawan magana. Mama ce mai bakin gidan. Tela ce, kuma idonta ba ya barin karkataccen abu ya wuce. Mun taso muna ganin tana gyara masa zaman hula tana mita, shi kuwa sai murmushi. Kullum da yamma sukan zauna a tsakar gida su sha gahawa a 'yan ƙananan kofuna, butar a ƙasa tsakaninsu. Har yau ina kewar wannan ƙamshin.

Wata huɗu da ritayarsa Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce ƙafar za ta dawo idan tana takawa, in kuwa ta zarce da kwanciya, shi ke nan. Ita kuwa ta ƙi. Ta shige ɗaki ta juya wa ƙofa baya, ba ta son kowa ya ga tana jan ƙafa. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, ni har kuka na yi mata. Amsarta ɗaya ce: "Ku ƙyale ni."

Baba bai sa baki ba. Wata safiya sai ga shi da katakon ɗora kaya guda uku, irin wanda sito ke zubarwa in ya tsufa, duk tabon mai da shuɗin fenti.

"Baba, me za ka yi da wannan tarkacen?" na tambaye shi.

"Tebur. Uwarki ba za ta iya sunkuyawa ta ɗauki buta a ƙasa ba."

"Ai ba ta ma fitowa."

"To, in ta fito."

A ƙarƙashin tagar ɗakinta ya baje kayan aiki, don nan ne inuwa take. Ya ɓamɓare allunan ɗaya bayan ɗaya. Duk ƙusar da ya cire sai ya miƙar da ita a kan dutse ya jefa a gwangwanin madara. Kwana biyu ya yi yana gugar katakon da samfefa, har asalin farinsa ya fito. Ya yi ƙafafu masu kauri, ya hau kai ya yi tsalle, shi da furfurarsa. Tebur ne na kofi biyu da buta, amma ko giwa ta hau ba zai motsa ba.

A wajen haɗa saman teburin ne aikin sito ya ci amanarsa. Idonsa bai san wani jerin katako ba sai mai giɓi, saboda haka ya bar yatsa uku tsakanin allo da allo, ya buga ƙusa, ya ja baya yana jin daɗi. Ya ɗauko ɗaya daga cikin kofunan Mama ya ɗora don gwaji. Kofin ya karkace, ya zurma ta giɓin, ya tarwatse a siminti.

Sai muka ji murya daga taga, harshen da nauyi amma kaifin yana nan.

"Malam, tebur kake yi ko kejin kaji?"

Rabonmu da jin faɗan Mama wata uku ke nan. Baba ya tsaya cak da guduma a hannu. Can ya sake ɓamɓare allunan, ya fara jera su.

"Haɗe su. Matsar da wancan. Ba wannan ba, na gefen."

"Wannan?"

"Na gefen na ce."

Mutumin da ke ɗora tan ɗaya a kan kanta mai tsayin bene bai kuskure ko da yatsa ba, sai ga shi allo shida sun gagare shi. Ya gyara wannan, wancan ya baje. Haushi ya kama ni, na miƙa hannu zan daidaita masa, sai ya take mini ƙafa ba tare da ya dube ni ba. A nan na gane da gangan yake yi, na koma gefe.

Sai muka ji ƙarar gado daga ɗakin, sannan jan silifa ɗaya. Mama ta bayyana a bakin ƙofa, ɗankwali a karkace, tana dafe da bango. Na yunƙura zan riƙe ta, ta harare ni. Taku goma sha ɗaya na ƙirga. Ta iso tana haki, ta sa hannunta mai lafiya ta tura allon ya haɗu da ɗan'uwansa.

"Nan. Buga."

Baba ya ɗaga gudumar, ya sauke. Ya sake ɗagawa. Idonsa ya cika, ba ya ganin ƙusar.

"In kuka za ka yi, ɗauko mini kujera tukuna," in ji Mama. "Da wannan hannun naka, aikin nan zai kai mu yamma."